Daga Ɗori Zuwa Dashe: Tarihin Neman Abin Gyaran Faifan Ƙashin Baya

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin tarihin wata matsala da ta gagari mai ɗori, ta kuma wahalar da likita, watau gyaran faifan ƙashin baya.

Duk wanda ya san ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara ya san abin da noman rake yake yi wa bayan manomi. Ga sunkuyo wajen sara, ga ɗaukar dami zuwa mota ko wurin mazarƙwaila. Nauyin nan yana sauka ne a kan faya-fayai 23 da Allah ya jera tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya. Kowannensu yana da zobe mai tauri a waje da cibiya mai taushi a ciki, wadda galibinta ruwa ce. In zoben ya tsage, sai cibiyar ta ɓullo ta danne jijiya, ciwo ya bi ƙafa.

Me ya sa ɗori ke warkar da karaya, amma ba ya warkar da wannan? Dalili shi ne jini. Ƙashi yana da hanyoyin jini, saboda haka in an daidaita shi an ɗaure da karare, sai ya haɗe da kansa. Faifai kuwa kusan ba shi da su, shi ya sa ba ya iya gyara kansa sosai.

Su ma Turawa da irin dabarar ɗori suka fara. Cikin 1911 Albee na Amurka ya yanko ƙashin ƙwauri ya liƙe gaɓoɓin bayan masu tarin fuka na ƙashi. Sai 1934 Mixter da Barr na Boston suka tabbatar cewa ɓullowar faifai ce ke jawo ciwon ƙafar nan. Amma cire faifai ko liƙe gaɓoɓi yana rage motsi, ya kuma ƙara wa maƙwabtan gaɓoɓi nauyi. Daga nan aka shiga neman abin da zai maye gurbinsa.

An fara da ƙarfe. Cikin 1966 Fernström na Suwidin ya ba da rahoton dasa ƙwallayen ƙarfe, amma da yawansu suka nutse cikin ƙashi saboda tauri. Cikin 1984, a asibitin Charité na Balin ta Gabas, Schellnack da Büttner-Janz suka dasa faifai na farantan ƙarfe biyu da roba a tsakani, wanda Amurka ba ta amince da shi ba sai 2004. An kuma gwada wani danƙo mai shan ruwa a madadin cibiya, amma yakan zame ya fito. Daga bisani, cikin 2011, masana a Jami'ar Cornell suka haɗa faifai da kolajin da sinadarin ciyawar teku da ƙwayoyin halittar tumaki, suka dasa a wutsiyar ɓera, ya rayu wata shida.

Abin lura a nan shi ne, bincike ya tashi daga abu mai tauri zuwa mai taushi, daga matacce zuwa rayayye. Jiki ba ya karɓar baƙo sai wanda ya yi kama da ɗan gida.

To, ina rabon manominmu? Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Yawancin ciwon faifai yakan lafa ba tare da tiyata ba. Amma wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kada a tsaya tausa ko ƙaho, a garzaya da shi asibiti, domin jinkiri na iya gurgunta shi har abada. Wajibin ma'aikatan ƙananan hukumomi ne su kai wannan bayani ƙauyuka. Ku kuma ɗalibai, fagen binciken nan bai rufe ba tukuna.