Ƙeƙashewar Zuciya Tsakanin Fada da Kurkuku

Tun a shekarar 1801 wani likitan masu taɓin hankali a birnin Paris, Philippe Pinel, ya lura da wasu mutane waɗanda hankalinsu bai gushe ba, maganarsu a tsare, amma suna tafka ta'asa kamar waɗanda aka zare wa imani. Da malamanmu aka tambaya, da sun kira abin ƙeƙashewar zuciya. A 1941 Hervey Cleckley, likita a jihar Jojiya ta Amurka, ya wallafa littafi a kan irinsu, inda ya bayyana cewa mai wannan hali, da yake bakinsa da zaƙi, fuskarsa da fara'a, ƙarya ba ta yi masa nauyi, nadama kuwa ba ta taɓa kwana a ransa, yana iya zama attajiri ko likita ba tare da kowa ya farga ba.

Shari'ar Nuremberg, wadda aka yi wa shugabannin Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, ita ce ta kai batun ga ma'abota mulki. Hermann Göring, wanda ya shugabanci majalisar dokokin Jamus, ya kuma kafa 'yan sandan ciki na Gestapo a 1933, ya zauna a kurkuku ƙarƙashin kulawar masana biyu, Douglas Kelley da Gustave Gilbert, yana raha da su, yana begen matarsa da 'yarsa, alhali kuwa hujjojin kisan miliyoyin bayin Allah da ake karantawa a gabansa ba su sa ya sunkuyar da kai ba. Gilbert ya hukunta cewa cutar ce sanye da rigar fara'a. Kelley ya ce sam, Göring da sauran waɗanda ake tuhuma lafiyarsu ƙalau, irinsu kuma suna nan a Amurka. A ganina fatawar Kelley ta fi ban tsoro.

Ma'aunin wannan hali da Robert Hare ya tsara a Kanada, mai siffofi 20 da maki 40, a kan fursunoni aka gina shi, shugabanni kuwa ba sa zama a auna su. Saboda haka da Scott Lilienfeld da abokansa suka nazarci shugabannin Amurka 42 a 2012, sai suka dogara da shaidar marubuta tarihinsu, suka iske cewa rashin tsoro da son mamaye mutane, waɗanda ake samu a wurin riƙaƙƙun masu laifi, suna tafiya tare da abin da ake yabawa da ƙwarewar mulki. A rashin tsoro da son mamayar, Theodore Roosevelt ne ya zo na ɗaya, John Kennedy na biye da shi.