Malam Aminu Kano: Ɗan Gidan Alƙalai da Ya Yaƙi Haraji

Idan ka tambayi samarinmu na nan Sabo wane ne Malam Aminu Kano, yawancinsu filin jirgin saman Kano za su ambata maka, wasu kuma babban asibitin koyarwa. Ba laifinsu ba ne, a ƙasar Yarabawa aka haife su, kuma Malam ya bar duniya tun 1983. Amma akwai gidaje da dama a unguwar nan da dalilin zuwan kakanninsu Kudu yake da alaƙa da abin da bawan Allahn nan ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙa.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne, muhuti a kotun alƙalin Kano, daga zuriyar Fulani Gyanawa waɗanda aka sani da ilimin shari'a. Wato Malam ba ɗan talaka ba ne. Ya yi karatun allo da na littattafai a gida, ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna ya gama a 1942. A zamanin nan, yaro mai irin wannan asali da irin wannan takarda, kujera na jiransa a En'e. Da ya yi shiru ya sunkuyar da kai, da ya mutu da rawani.

To, mece ce En'e? Ita ce hukumar gargajiya da Turawa suka riƙa mulkin Arewa ta hannunta: sarki a sama, sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. Kotu tata ce, 'yan doka nata ne, gidan yari nata ne. Abin da ke ciyar da ita kuwa haraji ne da jangali. Haraji a kan kowane baligi namiji, jangali a kan kowace saniya. Lokacin karɓar haraji shi ne kaka, daidai sa'ad da hatsi da gyaɗa suka fi arha, saboda haka dole manomi ya sayar da amfaninsa a wulaƙance ya biya, in bazara ta yi ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada ko ya ci bashi. Wanda ya kasa biya, a shanya shi a rana a ƙofar dagaci, ko a kama akuyar matarsa. Bafulatani kuwa ya kwana yana ɓoye shanu a daji don kada a ƙirga. Ga aikin tilas na gyaran hanya da noman gandun masu sarauta. Ga gaisuwa, wadda ba ta baki ba ce, ta hannu ce. Kuɗin da aka yanka daban, wanda ake karɓa daban, domin kowane hannu da kuɗin zai bi sai ya lasa.

Mu 'yan kasuwa mun san abin da ake nufi da a tilasta maka sayar da kaya ranar da kasuwa ta faɗi. Haka aka yi wa manomin Arewa shekara da shekaru. Shi ya sa da an gama girbi samari ke ɗaukar sanda da buzu su fita cin rani neman kuɗin haraji. Wasu suka bi jirgin ƙasa, wasu suka biyo shanu a ƙasa har Kurmi, suka yi dako, suka yi ga-ruwa, suka shiga ɗaurin goro. Ba kowa ne haraji ya koro ba, fatauci ya girmi Bature. Amma ku tambayi dattawanmu, za ku ji gidajen da kakansu ya zo rani ɗaya, bai sake komawa ba.

Aikin koyarwa ya kai Malam Midil ta Bauchi, inda ya zauna tare da Malam Sa'adu Zungur, malami mai kaifin harshe da alƙalami, da kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa. A can suka riƙa zaman tattaunawa suna yi wa hukuma tambayoyin da ba a saba ji ba. A 1946 ya tafi karo ilimi Landan, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, aka tura shi Maru a lardin Sakkwato. Ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati, albashi da komai.

Mutane da yawa sun ɗauka shi ya kafa NEPU. A'a. Mutum takwas ne suka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, cikinsu akwai Abba Maikwaru, Magaji Ɗambatta, Mudi Sipikin, Maitama Sule da Bello Ijumu. Shi Bello Ijumu Bayarabe ne daga ƙasar Kabba, baƙo a Kano kamar yadda muke baƙi a nan. Malam ya shigo ya zama harshenta, a 1953 ya zama shugabanta. Takardar manufarsu, wadda ake kira sanarwar Sawaba, ta fito fili ta ce jama'ar Arewa kashi biyu ce, masu riƙe da En'e da talakawa, bukatarsu ba ɗaya ba ce, kuma ba wanda zai 'yanta talaka sai shi kansa. Yau wannan magana ko a shagon mai shayi ana yin ta. A 1950 ɗauri ake yi a kanta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikin Malam, kuma a ganina shi ne ƙarfinsa, bai zo wa talaka da littattafan Turawa ba duk da ya karanta su. Da Alƙur'ani ya zo, da tarihin jihadi. An daɗe ana gaya wa talaka cewa talaucinsa ƙaddara ce, biyayya ga mai rawani kuma addini ce ko da an zalunce shi. Malam ya buɗe littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna cewa a Kitabul Farƙi Shehu da kansa ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin ayyukan zaluncin sarakunan da ya yaƙa. To, idan jikokin masu tuta sun dawo da abin da aka yi jihadi a kansa, wa ya saɓa wa Shehu? Wannan tambaya ta fi kowace zanga-zanga ciwo, don ba a iya cewa mai yin ta jahili ne. An dai ce masa kafiri, an ce 'yan NEPU marasa kunya ne, ba sa ganin girman manya. Abin da ya jawo haka, ya hana mutanensa faɗuwa ƙasa gaban ɗan'adam. Tafsirinsa na azumi ya tara jama'a, kuma yana cikin waɗanda suka fara buɗe makarantar Islamiyya ta zamani a Kano, har da 'ya'ya mata. Mu da muka yi Islamiyya muna cin albarkacin wannan, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Sun biya farashi. A zaɓen 1951 NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da ikon cusa mutanenta a matakin ƙarshe, sai aka tashi ba ta da kujera ko ɗaya. Alƙalin da zai yi wa ɗan NEPU shari'a ma'aikacin En'e ne, ɗan dokan da ya kamo shi ma haka. An yi musu bulala, an ɗaure su saboda taro ba izini, an ƙwace gonaki, 'yan mahaukata sun fasa musu kai. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sau 16 aka kai ta gidan yari. Yawancin waɗanda suka sha wannan wuya teloli ne, mahauta, 'yan koli da malaman allo, waɗanda ba wanda ya rubuta sunansu.

A 1959 ya ci kujerar majalisar tarayya daga Kano ta Gabas. Da yake NEPU na ƙawance da NCNC, ita kuma ta shiga gwamnati da NPC, sai ga Malam a ɓangaren gwamnati a Legas alhali ana ɗaure mutanensa a gida. Masu sukarsa ba su manta da wannan ba, kuma suna da hujja. Zamanin Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya, daga baya na lafiya.

Sai 1978 ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Abin dariya, mutumin da ya yi shekara talatin yana yaƙar haraji, hukumar zaɓe ta nemi hana shi takarar shugaban ƙasa a kan takardar biyan haraji, sai da kotu ta wanke shi. Bai ci ba, Shagari ya ci, amma jam'iyyarsa ta ɗauki Kano da Abubakar Rimi, ta ɗauki Kaduna da Balarabe Musa. Da hawansu a Oktoban 1979 suka soke haraji da jangali. A wannan zaɓe ne kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa, abin da NEPU ta nema tun ana yi mata dariya.

Gaskiya dai, kuɗin man fetur ya sauƙaƙa sokewar, don jihohi sun daina dogara da kan talaka. Kuma soke haraji bai kori talauci ba. Duk wanda ya taɓa rako motar shanu ko ta albasa daga Arewa zuwa nan ya san shingaye nawa ake tsayawa, kowanne da tikitinsa, wani ma ba tikiti. Jangali ne ya sauya riga. A cikinmu ma, ku duba yadda muke cusa yara 'yan ci-rani goma a ɗaki ɗaya mu karɓi haya a kan kowane kai, da abin da muke ba ɗan dako bayan ya sauke buhu ɗari.

Daɗin nasarar bai daɗe ba. PRP ta rabe biyu, 'yan santsi na bayan gwamnonin, 'yan taɓo na tare da Malam. A Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a ciki, ta tsige Balarabe Musa. Rimi kuma ya koma NPP. Malam ya ga yaran da ya rena suna jifan juna da baƙaƙen maganganu, har shi ba su bari ba.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin zaɓe, yana da shekara 62. Mutumin da ya riƙe ma'aikatun tarayya biyu bai bar dukiyar da za a yi rigimar gado a kanta ba. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero. Wanda ya je Kano sarin kaya, daga Kantin Kwari ba nisa, a-daidaita-sahu ɗaya ce. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.