Mafaraucin Kamuku da ya manta hanyar gida

1/ Ina yaro a Birnin Gwari akwai wani mafarauci da ya san dajin Kamuku kamar yunwar cikinsa. Shekara da shekaru yana shan burukutu. Daga baya ko hanyar gidansa ɓace masa take yi. Aka ce aljanun daji ne.

2/ Sai da na girma na ga wata amsar a tarihin Rita Levi-Montalcini, Bayahudiya 'yar Italiya. Dokokin Mussolini na 1938 suka raba ta da jami'a, ta koma bincike kan ƙwan kaza a ɗakin kwananta.

3/ A shekarun 1950, a Amurka, ita da Stanley Cohen suka ware NGF, sinadarin da ke raya jijiyoyi. Suka samu kyautar Nobel a 1986.

4/ Ƙwaƙwalwar babba ma tana buƙatarsa. Gwaji kan ɓeraye ya nuna daɗewa ana shan giya na dagula saƙon sinadarin, ƙwayoyin da ke taimaka wa tuna abu su raunana.

5/ Mu kuwa hayaƙi aka yi ta yi wa bawan Allah, ƙwaryar tana gefensa. Allah ya jiƙansa.