Kai abu baki a wurin jarirai

Kai abu baki ɗabi'a ce da jarirai da yara masu rarrafe ke yi, inda suke tsotsa, lasa ko taune duk abin da hannunsu ya kama, kamar yatsunsu, bakin zane, murfin kwano ko takalmi. Likitocin yara na ɗaukar ta a matsayin mataki na girma da kusan kowane yaro lafiyayye ke bi. Takan bayyana sosai daga wata 3 zuwa 4 da haihuwa, ta yi ƙarfi a rabin ƙarshe na shekarar farko, sannan ta riƙa raguwa bayan shekara 2. Ɗabi'ar kanta ba cuta ba ce, amma ita ce hanyar da shaƙewa, guba da cututtukan ciki suka fi samun ƙananan yara.

Yadda take farawa

Tsotsa ta riga haihuwa. Hoton ciki yakan nuna ɗan tayi da yatsa a baki, kuma jariri na zuwa duniya da iya kama nono ba tare da an koya masa ba: idan aka taɓa kumatunsa sai ya juya ya buɗe baki. A watannin farko hannunsa kan isa baki bisa tsautsayi. Wajen wata 4 zuwa 5 yakan fara miƙa hannu ya ɗauki abu da gangan, daga nan kuma duk abin da ya ɗauka baki ya nufa. Wajen wata 9 zuwa 10 yakan iya tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni, kuma lokacin ya zo daidai da rarrafe. A nan ne haɗari ke ƙaruwa, domin ƙwayar gyaɗa ko maɓallin da babba bai lura da shi a ƙasa ba, idon mai rarrafe ya gan shi.

Dalilai

Leɓe da harshe na cikin sassan jiki da suka fi yawan jijiyoyin ji, kuma suna aiki da kyau tun kafin yatsu su ƙware. Da baki jariri ke gane tauri da laushi, sanyi da ɗumi, santsi da kaushi. A 1979 Andrew Meltzoff da Richard Borton sun wallafa wani gwaji a mujallar Nature: an bai wa jarirai 'yan kimanin wata ɗaya robar tsotso ba tare da sun gan ta ba, wasu mai santsi, wasu mai ƙuraje-ƙuraje. Da aka nuna musu siffofin biyu, yawancinsu sun fi daɗewa suna kallon irin wadda suka tsotsa. An fassara hakan da cewa abin da baki ya ji yana haɗuwa da abin da ido ya gani tun da wuri.

Sigmund Freud ya kira farkon ƙuruciya matakin baki, Jean Piaget kuma ya sanya ɗabi'ar cikin matakin koyo ta ji da motsi, daga haihuwa zuwa shekara 2. Bayanin Piaget ya fi samun karɓuwa a wurin masu nazarin girman yara a yau.

Tsotsa na kwantar da hankalin jariri idan ya gaji ko ya firgita. Taunar abubuwa kuma na horar da muƙamuƙi da harshe kafin a fara ba shi abinci mai kauri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara a wata 6, bayan shayarwa da nonon uwa zalla.

Haƙori

Haƙoran farko kan fito wajen wata 6, galibi biyun ƙasa na gaba, su cika 20 wajen shekara 3. Dasashi na ƙaiƙayi, yaro na dalalar miyau, yana neman abin da zai ciza. A ƙasar Hausa da sauran wurare da dama ana danganta zawo da zazzaɓi da fitar haƙori, a ce "haƙori ne" a ƙyale yaro. Likitoci ba su yarda da wannan ba. Lokacin haƙori ya haɗu da lokacin rarrafe da kai ƙazanta baki, kuma kariyar da jariri ya samo daga jikin uwa ta fara raguwa. Zawo ko zazzaɓi mai zafi a wannan lokaci ciwo ne da ke buƙatar asibiti. Magungunan haƙori ma sun taɓa jawo asara: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 sun mutu a Najeriya bayan shan My Pikin, wanda aka samu wani sinadari mai lalata ƙoda a cikinsa.

Haɗurra

Shaƙewa ce ta fi saurin kisa. Hanyar numfashin yaro ƙarama ce, kuma ba shi da turamen haƙori da za su niƙa abu mai tauri. Gyaɗa, aya, gurjiya, ƙwallon dabino, alawa, tsabar kuɗi, duwatsun ado da yagaggen balan-balan duk suna iya toshe ta. Dokar kayan wasa a Amurka na amfani da wani bututu mai faɗin santimita 3.17: abin da ya shige ciki gaba ɗaya bai dace da yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ba. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da rimot, idan ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona shi cikin awa 2, ko da yaron bai nuna alamar komai ba.

Kananzir da aka zuba a kwalbar lemo, maganin ɓera da fiya-fiya na cikin gubar da aka fi samu a gidaje. Ba a sa yaron da ya sha kananzir amai, ba a kuma ɗura masa manja ko madara, domin amai na iya kai kananzirin cikin huhu.

Ƙurar ƙasa ma na iya zama guba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mace-macen yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma. Ana niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yara masu rarrafe suna kai ta baki da hannuwansu. Aƙalla yara 400 suka mutu, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara 5. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, domin yaron da aka yi wa magani ya koma ƙurar zai sake kamuwa. An sake samun irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015.

A gidajen da kaji da awaki ke yawo tare da yara, kashin dabbobi na shiga baki ta wannan hanya, ya kawo zawo da tsutsar ciki.

Kulawa

Shawarar likitoci ita ce a gyara wurin da yaro yake maimakon a hana shi, tunda duka ko tsawa ba sa tsayar da jariri ɗan wata 8. Ana shimfiɗa masa tabarma mai tsabta nesa da dabbobi, a ba shi abubuwa manya da ba sa karyewa kuma suna wankuwa, a wanke masa hannu da sabulu. Idan jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ya shaƙe har ya kasa kuka ko tari, ana kifa shi a kan hannu kansa na ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da tafin hannu, a juya shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5, a yi ta maimaitawa yayin da ake neman taimako. Ba a zura yatsa a lalubi abin da ba a gani, domin hakan na ƙara tura shi ciki.

Bayan shekara 2

Yaron da ya wuce shekara 2 yana cin ƙasa, gawayi, takarda ko ɓawon fenti a kai a kai har tsawon wata guda ko fiye yana buƙatar a duba shi. Wannan yanayi yakan zo tare da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, ana kuma yawan ganinsa a yara masu sikila da masu jinkirin girman ƙwaƙwalwa.