Layi biyu, suna ɗaya

Direban da ke jigila tsakanin Tawa da Kaita ko Abalak ya san inda rezon Airtel ke yankewa, ya san inda na Moov ko Zamani ke kamawa. Shi ya sa wayarsa ke da sim biyu. Wannan sauyin layi da yake yi da ɗan yatsa ya daɗe yana ba injiniyoyin intanet wuya.

Tushen abin yana cikin ƙa'idar IP ta 1981. An ba kowace na'ura lamba ɗaya, aka ɗora wa lambar aiki biyu: ta faɗi wace ce na'urar, ta kuma faɗi inda take. Lokacin da kwamfuta ke zaune bisa tebur, babu laifi. Amma da zarar an sauya layi sai lamba ta sauya, sadarwa ta tsinke. Su kuma kamfanonin da ke son hanya biyu don gudun ɓacin rana, dole kowanne ya shelanta lambobinsa ga duniya, har kundin hanyoyi ya kumbura.

A 1996 Mike O'Dell ya kawo shawarar a raba lambar IPv6, sabon salon IP, gida biyu, rabi suna, rabi wuri. Ba a karɓa ba. Bayan taron masana a Amsterdam, a Oktoban 2006, magana ta ƙara ƙarfi, aka fitar da dabarun raba suna da wuri: HIP a 2008, SHIM6 a 2009, LISP a 2013. A ganina duk dabaru ne masu kyau, sai dai wanda ya fara kashe kuɗi bai cin riba sai sauran sun bi shi, kowa kuwa ya tsaya jiran wani. LISP ta fi samun gindin zama a cikin manyan kamfanoni.

Wadda ta iso hannun talaka ita ce QUIC, da Google ya fara, aka tabbatar da ita a 2021. Ta ba kowace sadarwa shaidarta, ko lamba ta sauya ana gane ta, kuma ta shigo wayoyi ta manhajoji irin su YouTube.

Saura hanyar kanta. Nijar ba ta da teku, galibin intanet ɗinta ta ƙasashe maƙwabta take biyowa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, Nijar na cikin ƙasashen da abin ya taɓa. Don haka nake sa ido kan wayar da ta ratsa Sahara zuwa Aljeriya, domin ita ba ta bi ta gaɓar kudu ba.