Zafin da Muke Faɗa wa Injin

Mazauna Nima da Maamobi sun saba da rurin jiragen da ke tashi daga filin jirgin saman Accra, amma kaɗan ne suka san cewa yawancinsu ba da cikakken ƙarfi suke tashi ba.

A farkon zamanin jet, lokacin da Ghana Airways ke alfahari da jirgin VC10 a shekarun 1960, abin da aka sani shi ne a ba injin wuta iya wuta. Daga baya aka ga illar: 'yan mintocin tashi su ne ke cin ƙarfen cikin injin, saboda a nan zafinsa yake kai maƙura. Sai aka samo dabara. Injin yana ba da duk ƙarfinsa har iska ta kai kusan digiri 30, daga nan ƙarfin ya riƙa raguwa. To idan kaya ba su da nauyi, titin tashin kuma dogo ne kamar namu mai kusan mita 3,400, sai matuƙi ya gaya wa na'ura cewa zafin waje 50 ne alhali 31 ne, injin ya sassauta da kansa. Mutanen Airbus "fleks" suke ce wa wannan ragi. A 1988 hukumar jiragen saman Amurka ta fitar da ƙa'ida: kada ragin ya wuce kashi 25 cikin 100, kuma babu shi idan ruwa ya kwanta a titi.

Ina goyon bayan wannan dabara har gobe. Ta tsawaita ran injuna, kuma da yake iskar gaske ta fi wadda aka lissafa sanyi, jirgin yana da rara.

Sai dai duk lissafin a kan lamba ɗaya ya rataya: nauyi. Ranar 14 ga Oktoban 2004 jirgin kaya Boeing 747 na MK Airlines, mai rajistar Ghana, ya kasa tashi a Halifax ta Kanada. Nauyin tashin da ya gabata, kusan tan 240, shi ya rage a kwamfuta, alhali jirgin ya haura 350. Ma'aikatan jirgin bakwai suka rasu, ga gajiya ta riga ta cinye su. Shi ya sa nake hana yaranmu masu koyon aiki karanta wa juna lamba daga allo ɗaya. Kowa ya ɗauki takardar lodi ya yi nasa lissafin, sannan a gwada.