Sandar Hanya da Sigina a Layin Dogo na Ikko zuwa Kano

A shekarar 1896 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Ikko, ya isa Badun a 1901. A Arewa kuwa, a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aka soma wani layin daga Baro a bakin Kwara a 1907, kwangiri ya shiga Kano a 1911. Layukan biyu suka haɗu a Minna, aka gama su ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Da aka kammala gadar Jebba a 1916, sai ya zamana mutum yana iya shiga tarago a Ikko ya sauka a Kano, tafiyar mil ɗari bakwai ko kusa da haka, ba tare da an yi fito da shi a kogi ba.

Masu tarihi sun yi rubutu da yawa a kan abin da wannan layi ya ɗauka, wato gyaɗa da auduga da fatu da kiraga zuwa teku, goro da gishiri da kananzir zuwa Arewa. Abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne, kusan duk tsawon nan layi guda ne tak. Jirgin da ya taso daga Kudu da wanda ya gangaro daga Arewa a kan kwangiri ɗaya suke gudu, suna fuskantar juna, kuma babu inda za su kauce wa juna sai a tasha, inda aka yi wa layin reshe. Ga shi kuwa jirgin ƙasa ba ya tsayawa yadda jaki ko mota ke tsayawa. Ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, kaya kuma da nauyi, saboda haka lokacin da direba zai hangi ɗan'uwansa a kan kwana, aikin gama ya gama.

Dabarar da aka magance wannan haɗari da ita daga Ingila ta zo, kuma su ma Ingilishi sai da suka binne mutane kafin su same ta. Da farko sun dogara ga saƙon waya: shugaban wannan tasha ya tambayi na waccan, a ce masa hanya a buɗe take, ya sallami jirgi. A watan Satumba na 1874, a kusa da birnin Norwich, aka sami rashin fahimta tsakanin ma'aikatan tasha a kan irin wannan saƙo, aka saki jirage biyu cikin layi guda da dare, suka yi karo, mutum 25 suka halaka. Wannan ne ya sa wani injiniya, Edward Tyer, ya ƙago na'urarsa a 1878, wasu kuma suka biyo bayansa da irin tasu.

Asalin dabarar mai sauƙi ne. Ana yanka layin gunduwa-gunduwa, daga wannan tasha zuwa ta gaba, kowace gunduwa da alamarta ta ƙarfe, wani wuri sanda, wani wuri faifai ko mabuɗi, an rubuta sunayen tashoshin biyu a jikinta. Direba ba shi da ikon shiga wannan yanki sai alamar tana hannunsa. Tun kafin Tyer ana amfani da sanda ƙwaya ɗaya, amma in jirage biyu suka nufi gefe guda a jere, sai sandar ta maƙale a can ƙarshen, a rasa mai dawo da ita. Sabuwar dabara ita ce a ajiye akwatin ƙarfe a kowace tasha, a zuba sanduna da yawa a ciki, a haɗa akwatunan biyu da wayar lantarki. Shugaban tasha ba ya iya zare sanda sai ya kaɗa wa takwaransa ƙararrawa, wancan ya amsa, ya danna nasa akwatin ya sako wuta. Da zarar sanda ɗaya ta fito, akwatunan biyu sun kulle ke nan, ba mai iya fitar da ta biyu sai an mayar da ta farko a ɗayansu. Bugu da ƙari, sandar kowane yanki ƙirarta dabam da ta maƙwabcinsa, don kada ta shiga akwatin da ba nata ba. Akan sa ta a jakar fata mai babban zobe, yadda ma'aikaci zai miƙa, na cikin kan jirgi ya zura hannu ya karɓe.

Sigina ita ce abin da fasinja ya fi gani, domin tana tsaye a kan doguwar sanda a bakin tasha da hannunta na katako ko na ƙarfe. In hannun ya miƙe sosai, a tsaya. In ya karkata, a wuce. Da dare fitilar kananzir ce ke ci a bayan gilasai biyu, ja da kore, waɗanda ke motsi tare da hannun. Daga tasha ake jan ta da waya, kuma an rataya mata nauyi yadda ko wayar ta tsinke hannun zai koma kan "tsaya" da kansa. A wannan ɗan nauyi hikimar aikin duka take: duk abin da ya lalace, ya lalace ta gefen da zai tsayar da jirgi.

Daga nan mai karatu zai gane dalilin abin da matafiya suka daɗe suna kuka da shi. Jirgi ya bar Zungeru ko Mokwa, ya isa wata 'yar tasha a tsakiyar daji, ya tsaya cik, ba mai hawa, ba mai sauka, har rana ta karkata. Jama'a su yi ta zargin direba ko gadi, alhali sandar yankin gaba tana hannun wani direban da ke tafe da taragon kaya, kuma in shi ya makara, duk jiragen da za su yi kiciɓis da shi sun makara. Da haka jinkirin tasha ɗaya yakan bi layi har Kano, tafiyar da ko lafiya lau aka yi ta sai ta ci yini da kwana da ɗoriya. Sai dai wannan jira bai tafi a banza ba. Inda jirgi ke tsayawa, nan talla ke taruwa: masu ƙosai da dafaffen ƙwai da rake da ruwan sha, fasinja kuma su sauka su yi alwala su yi salla a gefen kwangiri, kunnensu na ga usur. Garuruwa irin su Kafancan, inda layin Fatakwal ya rabu zuwa Jos da Kaduna tun 1927, da jirgi suka girma, kamar yadda zango yakan girma a kan hanyar fatake.

Duk da haka na'ura ba ta ɗauke wa mutum nauyin duba abin da ke hannunsa ba. A Abermule ta ƙasar Wales, a watan Janairu na 1921, ma'aikatan tasha suka ruɗe, suka mayar wa direba faifan yankin da ya riga ya baro. Bai karanta sunan da ke jiki ba, ya ja jirgi ya shiga gaban wani mai gudu, mutum 17 suka mutu, shi ma yana ciki.

Raunin tsarin na biyu ita ce wayar kanta. In iska ta kayar da turke, ko gobarar daji ta ci shi, ko ɓarayi suka yanke tagulla, akwatunan biyu sun daina jin juna, sanda kuma ba ta fita. Dokar reluwe ta tanadi abin da za a yi a irin wannan hali. Sai a naɗa ma'aikaci guda ɗaya, a ɗaura masa jar alama a damtse, ya zama shi ne sandar wannan yanki. Ba jirgin da zai shiga sai da izninsa baki da baki, kuma shi zai hau kan jirgi ya raka shi zuwa ɗaya tashar, ya jira mai dawowa ya biyo shi, yana kai da komo har ranar da masu gyara suka ɗinke wayar.